Fuskar Ɗan Takara a Jikin Kyandir

Scholastica ta sauke kwalin a bakin shagon Madam Nnenna, gumi yana bin bayan wuyanta. Tun daga Bomo take rungume da shi a cinya, ta ƙi yarda kwandasta ya tura shi ƙarƙashin kujera. Kyandir ashirin da huɗu ne a ciki, farare, kowanne kaurinsa ya kai gwangwanin madara, masu ƙamshin lemo da kanumfari. Kwana tara ta yi tana narka kaki tana zubawa a guntayen bututun ruwa.

Shekara guda ke nan tana zama da kyandiranta a ƙofar ɗakunan ɗalibai a Samaru, su ɗauka su shinshina su ajiye. Madam Nnenna, mai sayar da kayan kyautar biki a Sabon Gari, ita ce ta farko da ta ce a kawo mata ta gani. "Idan sun yi, wannan kantar taki ce," in ji ta a makon jiya. "Idan ba su yi ba, ina da mai kawo mini daga Legas."

Yanzu Madam ta gyara tabarau, ta ɗauko guda ɗaya ta kwance zaren, ta warware takardar.

A jikin farin kyandirin ga fuskar mutum ɓaro-ɓaro, da jar hula da haƙora a waje, rubutun ƙasansa ya fito a juye.

"Yesu! Wane ne wannan?"

Scholastica ta san shi sarai. Wani ne da ya nemi kujerar majalisa a zaɓen da aka gama watan jiya, ya faɗi. An ba mijinta Mordecai damin fastocinsa ya liƙa a bango, rabinsu suka rage a bayan ƙofa. Ita kuwa da ta ga takarda mai kauri da santsi, sai ta yanka ta naɗe kyandiran, ta juya hoton ciki don farin bayan ya fito waje, ya yi tsabta. Zafin watan Mayu da na bas suka ƙarasa sauran.

Madam ta buɗe na biyu, kunne ne da rabin hula. Na uku haƙora kawai.

"Madam, ki yi haƙuri," Scholastica ta faɗa da ƙyar, tana mayar da takardun cikin kwali. "Bari in kwashe."

"Ki kwashe ki kai ina? Zauna, ƙanwata." Madam ta kai kyandirin hancinta ta lumshe ido. "Ƙamshin nan na Legas ba su da shi. Aikinki ba laifi, suturar ce kika ba su ta banza."

Ta shiga bayan labule, ta fito da tsohuwar safar mata, irin doguwar nan mai santsi da ake sawa zuwa coci. Ta yanka ta biyu, ta miƙa wa Scholastica rabi.

"Naɗe a yatsa. Ki murza a hankali, kamar kina shafa wa jariri mai. Tawadar a sama take, ba ta shiga ciki ba."

Scholastica ta murza. Hular ta fara dusashewa, sannan goshin, sai ga farin kaki ya fito da ƙyalli wanda bai taɓa yi ba ko ranar da ta zare shi daga bututu. Ta ɗago ta kalli Madam.

"Ni ma da jarida na fara naɗe sabulu," Madam ta ce, tana goge kunnen ɗan takarar. "Babu wanda ya gaya mini komai, sai dariya da aka yi ta yi mini a kasuwa."

Suka zauna a benci ɗaya har rana ta karkata. Duk wanda aka goge, Madam ta nuna mata yadda za a yi masa: a fara zagaye shi da farar takarda mai laushi, sannan leda mai haske, a tattaro bakinta a sama a ɗaure da ƙyalle, lagwani yana tsaye a tsakiya. A ƙasa kuma a huda da allura sau uku.

"Kada ki toshe duka. Mai saye da hanci yake fara saye."

Saura guda ɗaya, wanda fuskar ta fi fitowa a kansa, sai wata dattijuwa ta shigo da jakar cefane. Madam ta gaishe ta da Mama Josephine. Dattijuwar ta ƙura wa kyandirin ido, ta riƙe hannun Scholastica.

"'Yata, kada ki goge wannan. Ai shi ne ya yi mana alkawarin famfo a Jushi sau biyu. Ba ni shi haka. Ranar Lahadi zan kunna, in zauna in ga yadda zai narke."

Madam ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ta naɗe shi da kanta, da ƙyalle ja, ta saka a jakar cefanen.

Da dattijuwar ta fita, Madam ta share kantar da ke kusa da ƙofa, ta ce wa Scholastica ta jera da hannunta. Ta jera ashirin da uku, tana juya kowanne ƙullin ƙyallen ya kalli titi. Tun ɗazu take haɗa maganar godiya a zuciyarta, doguwa, amma da ta juyo sai duk ta watse. Ta durƙusa kawai.

"Madam, Allah ya sa miki albarka."

"Amin. Tashi, kina tare mini hanya. Wani makon ki kawo talatin."

Scholastica ta miƙa mata guntun safar. Madam ta ture hannunta.

"Tafi da ita. Yanzu kayan aikinki ce."