Kwando Ɗari Uku na Jaji

Jaji bai taɓa ɗaukar abin da ya yi a matsayin ƙarya ba. Duk manomin rani a Bunkure ya san ƙa'idar: in ka ga mai rijista, rabon taki ke tafe, kuma wanda ya faɗi gaskiyar gonarsa shi zai tashi da rabin buhu. Don haka da Lukmanu, ɗan ƙanwarsa, ya zo yi wa kamfaninsu rijistar manoma a waya, Jaji ya ce tumatirinsa zai ba da kwando ɗari uku. Tamanin ne, in Allah ya sa albarka. Maƙwabtansa ma ba wanda ya yarda a fi shi baki.

Taki dai bai zo ba. Shi kuwa kamfanin, da ma aikinsa sanar da manoma ranar sakin ruwa daga madatsa ne, sai ya buɗe rumbun bayanansa ga duk mai ƙirƙirar manhaja, kowa ya ɗiba ya gina tasa. Kafin ka ce kwabo ya bunƙasa, daga shago ɗaya a Kura zuwa bene a Kano.

Cikin masu ɗiban, wani ya yi wa fataken Kudu manhajar da ke nuna yawan tumatirin kowane gari da ranar nunarsa. Ta haɗa alƙaluman manoma, ta ce makon nan Bunkure za ta yi ambaliyar tumatir. Fatake ba wawaye ba ne. Suka jera motocinsu a bakin titi, suka shimfiɗa tabarma, suna jiran manomi ya zo da roƙo su saya da araha.

Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. A kwana na uku tumatirin Jaji ya fara laushi, tsoro ya kama shi sosai, domin wahalarsa ta wata huɗu ce a kwance. Da ya ji manhajar ce ta zaunar da fataken, ya hau babur sai Kura, inda Lukmanu yake har yanzu.

"Lukmanu, ka rufe abin nan."

"Kawu, ba tamu ba ce manhajar. Mu ƙofa kawai muka buɗe, masu ɗiba sun fi sittin."

"To ku rufe ƙofar mana."

"Da ita kamfanin ya girma. Ko manajanmu bai isa ba, balle ni." Ya sunkuyar da kai. "Na gyara naka, amma kai kaɗai ba za a gani ba. Sai in kowa ya zo ya faɗi gaskiyar tasa gonar."

Jaji ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya cikin rana, yana bayani har muryarsa ta dushe. Wani ya ce sai ya yi shawara, wani ya ce a fara da wane. Ya ƙare a wurin Hammadu, amininsa, ya same shi tsugune yana tsince ruɓaɓɓu yana jefawa a rami. Hammadu ya saurare shi tsaf, ya goge hannu a riga.

"Na ji, Jaji. To in muka rage, kuma takin ya zo fa?"

Ko a ran Jaji tambayar ta zauna. Ya koma gida jiki a sanyaye, ya ce wa matarsa Asta ta wasa wuƙaƙe, gobe za su yanka abin da ya saura su shanya a ƙasa.