Gashin Kaza a Rijiyar Maitama

Shekarar da aka ce Turawa sun taka wata, mutanen Ƙarfi ba ta wata suke yi ba, ta rijiyar Alhaji Maitama suke yi. A cikinta Sada mai haƙar rijiya ya mutu. Ya sauka lafiya lau, aka jawo shi babu rai, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Matarsa Hansai tana cikin takaba labari ya iske ta, wai Alhaji ya kira ɗansu Buba, magidanci da ya gaji sana'ar, ya ƙarasa aikin uban.

Ta yafa mayafi ta fita, takaba ko ba takaba.

Ta tarar har an ɗaura wa Buba igiya a ƙugu. Alhaji na tsaye riƙe da gashin fiffiken kaza, yana yi wa jama'a bayani. Wai Raufu mai gyaran rediyo a Funtuwa ya ce masa a wata babu iska, shi ya sa a can gashi da dutse tare suke faɗuwa, hayaƙi ma ba ya tashi. To in rijiyarsa babu iska, kamar yadda magulmata ke yaɗawa, gashin nan zai zube kamar tsakuwa. Ya sake shi. Gashi ya yi ta lilo, a hankali, har duhu ya haɗiye shi. Alhaji ya ce ga shi nan, iska ta tallafe shi. Sada dai kwanansa ne ya ƙare.

"Gashi yana numfashi ne, Alhaji?" in ji Hansai.

Ya ce ta koma ɗaki, kunya ba ta ishe ta ba, mace mai takaba a tsakiyar maza. Buba ma ya sunkuyar da kai, ya roƙe ta ta tafi, kada a ce ɗan Sada ya ji tsoron rami. Wannan ta fi yi mata ciwo. Ta cafke zakaran Alhaji da ke kiwo a gindin rumbu, ta ɗaure masa ƙafafu, ta sa shi a kwandon kwashe ƙasa, ta zura da hannunta. Alhaji yana zaginta, tana sakin igiya. Da farko ana jin fuka-fukansa. Can sai shiru.

Da ta jawo kwandon, wuyan zakara ya langaɓe. Ta jefa shi gaban takalman Alhaji.

"Na ba ka miji. Ɗa kuwa, sai dai ka sauka da naka."

Alhaji ya rantse sai ya kai ta gaban dagaci a kan zakaransa, kuma gobe zai ɗauko wani mahaƙi daga Danja. Buba ya daɗe yana kallon bakin rijiyar, sannan ya kwance igiyar daga ƙugunsa. Ya bi bayanta gida.