Audugar Kunnen Kurja

A shekarar 1981, shekara talatin da huɗu bayan tafiyar Turawa, dokin soja a Indiya ya riga ya rasa aikin yaƙi. Tankoki sun karɓe fagen fama, sarakunan Rajasthan sun daɗe da miƙa rundunoninsu ga gwamnati, abin da ya rage wa dawaki shi ne fareti da wasa. A cikin wasannin kuwa babu wanda hafsoshi ke girmamawa kamar gasar kwana uku, domin da ita aka saba gwada dokin hafsa tun da can. Ranar farko a duba ladabin doki a cikin fili mai shinge, ta biyu a sake shi a daji ya tsallake kututture da rami da ruwa, ta uku ya haye sandunan da taɓawa kaɗan ke zubar da su.

A barikin wata rundunar doki da ke bakin hamada akwai wani sayis, wato mai kiwon doki, sunansa Nathu Khan. Musulmi ne daga wani ƙauye kusa da Jhunjhunu, kuma shekararsa talatin da ɗaya a barga. Dabbar da ke hannunsa a lokacin goɗiya ce kili, mai dogon wuya, ana kiranta Kurja, sunan wata tsuntsuwa irin gauraka da ke tashi da zarar ta ji motsi. Wanda ya raɗa mata sunan bai yi ƙarya ba. Faɗuwar bokiti na sa ta jiƙe da gumi, tari mai ƙarfi na hana ta cin dusa. Tana da shekara biyar kwamitin likitocin dabbobi ya so ya soke sunanta a yi gwanjonta, sai mahayinta, Kyaftin Jaswant Bhati, ya roƙi a ba shi shekara biyu. Aka ba shi bisa sharaɗi guda: in ba ta kammala gwajin kwana uku na watan Oktoban 1981 ba, ta tafi. In ta kammala, za a kai ta sansanin da ake tace dawakin da za su shiga wasannin Asiya a Delhi a shekara mai zuwa.

Kyaftin ne ke hawa, amma Nathu ne ya yi aikin. Ya naɗe mariƙin bokiti da tsumma don kada ya yi ƙara. Kullum da hantsi yakan shafe awa guda yana murza mata jiki da damtsensa, daga wuya har cinya, yana ɗan ƙyasta harshe a hankali, har ta kai duk inda ta ji wannan sauti sai kunnenta na hagu ya juyo. Ruwa ne babban abin tsoronta. Kwana arba'in Nathu yana naɗe wando ya shiga kududdufin atisaye shi kaɗai, ya tsaya a tsakiya da guntun mazarƙwaila a tafinsa, bai taɓa jan ragama ba. Ranar arba'in da ɗaya ta biyo shi. Duk ranar da 'yan badujala za su yi atisaye kuma, yakan cusa mata auduga a kunnuwa ya ja ta can bayan bariki.

"Ga mai jego nan da jaririyarta," in ji Girdhari, sayis na bargar da ke kusa, duk lokacin da suka wuce. "Nathu bhai, ɗan'uwana, yaushe za a yaye ta? Ko mu sayo mata zanen goyo?"

"Ka fara yaye naka daga cizon mutane tukuna," in ji Nathu.

A wannan shekara bikin Dasara na Hindu ya faɗo kwana biyu kafin gwajin. Al'adar rundunar ce tun zamanin sarakuna a karrama dawaki a ranar. A wanke su, a rataya musu sarƙar furanni, limamin Hindu ya ɗiga musu jar alama a goshi, a buga tambura, a harba tsofaffin bindigogi. Musulmin rundunar ba su shiga addu'ar, amma riƙon ragama aikinsu ne kamar kowa. Dokin da aka sa a gaba kuwa, Kanar, shugaban rundunar, da hannunsa yake naɗa wa sayis ɗinsa rawani mai launin ruwan goro. Mahaifin Nathu ya sami wannan rawani sau uku a hidimar sarki. Nathu bai taɓa samu ba, ga shi saura wata bakwai ya yi ritaya.

Ana saura kwana uku biki aka kira Kyaftin Jaswant zuwa Delhi. Kafin ya shiga mota ya leƙo barga ya ce wa Nathu, wanda yake kira Chacha, wato baffa, "Chacha, ranar biki ka kai ta bayan bariki tun asuba. Ko furen kada ta gani."

"An gama, Sahab, ranka ya daɗe."

Washegari Kanar ya zo zagayen barga. Ya tsaya a gaban Kurja ya daɗe yana kallo, domin a duk barikin babu farar dabba irinta. Shi ma mahayi ne, ya san halinta, don haka bai ba da umarni ba. Tambaya ya yi.

"Nathu, ina so bana ita ce a gaba. Za ta tsaya?"

Nathu ya san amsar. Ya kuma san da ya faɗe ta, Kanar zai gyaɗa kai ya wuce barga ta gaba, babu wanda zai zarge shi. Amma a barga ta gaba Girdhari ne tsaye, ƙirji a buɗe, baƙin dokinsa na sheƙi.

"Za ta tsaya, Sahab," in ji shi.

Ranar biki ya wanke ta har sau biyu, ya taje gezarta, ya cusa audugar ya fito da ita. A bakin fili Girdhari ya dube ta ya fashe da dariya.

"Kai jama'a, ku zo ku ga amarya da ciwon kunne! Nathu bhai, haka za ka kai ta gaban Kanar, auduga na leƙowa kamar tsohuwar katifa? Ubanka da ya karɓi rawani uku, ko sau ɗaya ya toshe wa doki kunne?"

Sauran masu kiwon suka yi dariya. Nathu ya miƙa hannu ya zare audugar, ta hagu sannan ta dama, ya sa a aljihu.

Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne yadda ta yi ƙoƙari. Da tambura suka tashi jikinta ya ɗauki ɓari, amma ya ƙyasta harshe, kunnen hagu ya juyo, ta tsaya. Hayaƙin turare ya shiga hancinta, ta tsaya. Limamin ya taɓa goshinta, ta tsaya. Kanar ya taho da rawanin a kan faranti, saura taku biyar tsakaninsu, sai aka saki bindigogi goma sha biyu lokaci guda.

Kurja ta miƙe a kan ƙafafun baya. Da a barga ne, da Nathu ya sassauta ragama ya bi ta har ta sauko don kanta, kamar yadda ya yi sau ɗari. Amma ga Kanar, ga matan hafsoshi a rumfa, ga rawani. Ya fizgo linzami da dukan ƙarfinsa, ya kuma zabga mata bakin igiya a hanci. Shi ne karo na farko da hannunsa ya taɓa ta da duka. Ta sauko ta tsaya cak, jini-jini a gefen bakinta. Aka naɗa masa rawani, aka tafa.

Da la'asar ya miƙa mata mazarƙwaila. Ta juya masa baya ta sa kai a kusurwa.

Kyaftin ya dawo a jajibirin gwaji. Ya ga rawanin a rataye a ƙusa, ya ɗaga leɓen goɗiyar ya ga inda linzami ya yanka. Bai ɗaga murya ba.

"Kanar ne ya tilasta maka, Chacha?"

"A'a, Sahab. Tambayata ya yi."

Kyaftin ya saki leɓen, ya ce a ɗaura sirdi gobe ƙarfe shida.

Ranar farko ta gama zagayenta a jiƙe da gumi, ta sami maki kaɗan, amma ta wuce. Rana ta biyu ta haye shinge takwas tana fizgar kai. Na tara shi ne ruwa. Nathu ya riga ya je ya tsaya a bakin igiyar 'yan kallo, inda za ta gan shi. Ta taho a sukwane, ta ja birki a gaɓa. Kyaftin ya zagayo da ita, ta sake tsayawa. A karo na uku Nathu ya manta da doka ya ƙyasta harshe da ƙarfi. Ta ji. Ya ga kunnen ya motsa, sai ta kwantar da kunnuwan biyu baya, ta ja da baya, ta nisanci ruwan da Nathu gaba ɗaya. Tirjiya uku a shinge guda fita ce daga gasa. Alƙalin shingen ya ɗaga jar tuta.

Kafin watan ya ƙare aka yi gwanjonta. Nathu ya nemi hutun kwana biyu don kada ya ga wanda ya saya.

Bayan shekara huɗu, yana zaune a ƙauyensu, wani tsohon abokin aikinsa ya gayyace shi auren ɗansa a Sikar. Matarsa ta ciro rawanin ruwan goron daga akwati, ta ce ai don irin wannan rana aka yi shi, ya naɗa don kada a yi dogon zance. Da la'asar ayarin ango ya fito. A wannan yanki ango ba ya zuwa gidan amarya sai a kan farar goɗiya, shi ya sa masu ba da hayar dawaki ke rububin duk kilin da soja suka sallama. Nathu ya san da haka tun ranar gwanjo, ya dai ƙi barin zuciyarsa ta kai can.

Daga wuyan ya gane ta. An lulluɓe ta da jan ƙyalle mai madubai, masu busa ƙaho goma sun kewaye ta, samari na rawa suna fasa abin wuta a gindin kofatonta. Ko ƙifta ido ba ta yi. Kanta a sunkuye, leɓenta na ƙasa a sake.

Ya kutsa har ya isa kafaɗarta, ya ƙyasta harshe a hankali. Kunnen bai juyo ba. Ya sake. Ya ciro mazarƙwaila daga cikin abin da aka raba wa baƙi ya miƙa. Ta ɗauka ta tauna, kamar yadda za ta ɗauka a hannun kowa.

"Ka ga dabba, Chacha?" in ji mai ita, wani ƙaton mutum mai zobba a yatsu. "Da na sayo ta, ko tafi ka yi sai ta nemi hawa rufi. Soja shekara biyu sun kasa. Ni wata ɗaya na yi. Na ɗaure ta a turke, na ajiye mata masu ganga safe da yamma, har ta gaji. Yanzu ko igwa ka harba."

Nathu ya sa yatsa ƙarƙashin majanyin sirdi, ya ji an ɗaure shi fiye da kima. Ya sassauta shi huda ɗaya, ya gyara gezar da ta maƙale a ƙarƙashin ƙyallen.

"Hannunka ya san doki," in ji mutumin. "Da ganin rawaninka ma. Ka santa ne?"

"Na taɓa riƙe mata ragama," in ji Nathu.

Aka ɗora ango, masu busa suka ƙara ƙarfi, ayari ya motsa. Bai bi su gidan amarya ba. Ya tsaya a bakin titi har farin bayanta ya shige cikin taron, sannan ya tambayi wani mai shayi hanyar tashar mota.