Darasin Ingilishi Ranar Shuka

Ruwan farko ya sauka a Kanan-Bakashe da asubar Talata, ranar da konseye, mai duba aikin malamai, ya ce zai zo daga Mayahi ya ga darasina na Ingilishi. Ni kuwa ɗan kwantaragi ne. In ya zo bai tarar da ni ba, kashina ya bushe.

Basira matata ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce ruwan bai yi yawa ba, gonarmu kuma jigawa ce, ba ta riƙe damshi. Ta tuna mini bara ma haka na yi, hatsinmu bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Na ce ta yi haƙuri, kafin azahar zan iske ta can.

Darasin da na shirya karin magana ne: make hay while the sun shines. Wato ka yanki ciyawa ka shanya tun da sauran rana, abin da mu muke cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Su Turawa can rana ce ke musu rowa, mu nan ita ke gasa mu. Na rubuta shi ɓaro-ɓaro a allo, har da misalai.

Aji fayau, ko ɗalibi guda. An kwashe su gona, kuma wa zai ga laifin iyayensu? Na zauna ina kallon ƙasar filin lakwal, wato makarantarmu, tana komawa fari. Duk babur ɗin da ya gifta sai in miƙe in gyara riga, kamar wani sakarai. Wallahi na gaji, gajiyar da ba ta jiki ba.

Da la'asar ta gota na kira konseye a waya. Ya ɗauka yana haki, ya kira ni mushe, yadda ake ce wa malami da Faransanci.

"Mushe Sale, ai ka ga ruwan nan. Ina gona tun safe, mu bar shi sai wani mako. Kai ka gama taka shukar?"

Na ce masa alhamdu lillahi. To me zan ce?

Na iske Basira ita kaɗai, ɗan gefe guda ta iya shukawa, bayanta ya ƙage. Na karɓi sungumi na sara. Busasshen yashi ya zube ya cike ramin. Na ƙara sarawa da ƙarfi, ya sake cikewa.

Ta riƙe ƙotar ta ce, "Bari, Malam. Kada mu yi asarar irin ma."