Shafi na Ɗari da Sha Biyu

Sau uku Ɗalha yana ɗaura lakatayen nan yana kwancewa, abu ya ƙi zama daidai. Matarsa Rumasa'u tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu tana kallon ikon Allah.

"Malam, wai kotu za ka ne? Ka ce min ganin malaminku kawai za ka yi."

"Ganin malami ne mana," in ji shi, bai ko juyo ba.

Ba ƙarya ya yi ba, amma ko rabin zancen bai faɗa mata ba. Jiya Laraba aka raba musu takardun jarrabawar tsakiyar zango, kowa da makinsa a sama. Tasa ba maki, sai layi biyu da jan biro: ya zo ofis ranar Alhamis ƙarfe goma, kuma ya sani hukuncin satar amsa a jami'ar nan kora ce. Satar amsa! Shi Ɗalha, mai shekara talatin da huɗu, wanda ya yi shekara tara a ofishin masaƙa a Kaduna ko fensir bai taɓa sawa a aljihu ya kai gida ba. Gwamnatin jiha ce ta turo shi garin Greensboro na Amurka a wannan shekara ta 1981 ya yi digiri na biyu a fannin kasuwanci. In aka kore shi sikolashif ya tafi, biza ta tafi, sai ya tattara mace da akwati ya koma ya kalli mutanen da suka cika mota uku suka raka shi filin jirgi.

Ya ɗauki littafin daga kan tebur. Littafin sarrafa kuɗin kamfanoni ne, shafi ɗari bakwai da 'yan kai, nauyinsa kamar bulo. Ya yi masa bango da takardar da ake zuba kaya a kanti. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya hore shi a kan littafi: ba a ajiye shi a ƙasa, ba a naɗe masa kunne, ba a yi masa rubutu a jiki. Shi ya sa littafin Ɗalha yake fes, sai dai cike yake da 'yan guntayen takardu da yake cusawa tsakanin shafuka.

Bai yi nisa a titin unguwarsu ta Glenwood ba sai ga Garzali ya taka birki a tsohuwar motarsa mai tari. Garzali ɗan Gusau ne, shekararsa shida a garin yana karatun haɗa magunguna, ya san Amurkawa ciki da waje. Ɗalha ya shiga, kafin su kai kwana ya zazzage masa komai.

"Tsaya tukuna, mutumina. Ka leƙa littafin ko ba ka leƙa ba?"

"Haba Garzali! Littafin yana gida, wallahi yana gida."

"To yaya aka yi?"

"Na rubuta abin da ke cikinsa ne."

"Kamar yadda yake?"

"To da yaya zan rubuta? In gyara wa marubucin Turancinsa?"

Garzali ya daki sitiyari yana dariya, sannan ya ga abin ba na dariya ba ne ya haɗiye ta. "Kai, Malam Ɗalha, ka kashe kanka. A nan in ka kawo maganar wani ba ka ce tasa ce ba, ɓarawo kake. Kuma don Allah in ka shiga ka dubi mutumin nan cikin ido. In ka sunkuyar da kai, a wajensu ka amsa laifi ke nan."

"In ƙura wa malamina ido? Sai ka ce marar tarbiyya?"

"To ka zauna da tarbiyyarka, su kuma su ba ka tikitin jirgi."

Ran Ɗalha ya yi ta ƙuna. Abin da ya fi ba shi haushi, wannan haddar ita ta kawo shi inda yake. A sakandare malamin tarihi har gaban aji yake fito da shi ya karanto shafi biyu da ka, a tafa masa. Da ita ya ci kowace jarrabawa a rayuwarsa. Yau kuma an wayi gari abin da aka yi ta ba shi kyauta a kai ya zama sata, ba wanda ya sanar da shi ranar da aka canza doka.

Ofishin Farfesa Hargrove yana hawa na uku. Dogon Bature ne mai sanƙo, ga tabarau a kan hanci, yana magana a hankali yana jan kalmomi irin na mutanen kudancin ƙasar. Ya nuna wa Ɗalha kujera. Ɗalha ya zauna a bakin-bakinta, ya ɗora littafin a cinya, idonsa ya tafi kan takalmin farfesa ya tsaya a can. Ya tuna maganar Garzali sarai, wuyan ne ya ƙi ɗagowa.

Farfesa ya shimfiɗa takardar jarrabawar, ya buɗe nasa littafin a gefe. "Tambaya ta uku. Shafi ɗaya da rabi ka rubuta, kuma babu kalma ɗaya da ta bambanta da shafi na ɗari da sha ɗaya da na ɗari da sha biyu. Shekara ashirin ina koyarwa, ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba tare da takarda a ƙarƙashin tebur ba. Kafin in aika wa shugaban tsangaya ina so in ji ta bakinka."

"Yallaɓai, ban shiga da komai ba. Haddacewa na yi."

"Shafi biyu?"

"Babi shida, yallaɓai."

Farfesa ya cire tabarau. Ɗalha ya ga alamar mutumin nan ya ɗauka raina masa hankali ake yi. Ya miƙe tsaye, ya ajiye littafinsa a kan tebur a rufe, ya harɗe hannuwa a baya.

"Zaɓi inda kake so."

Farfesa ya juya shafuka. "Babi na huɗu, sashe na biyu."

Ɗalha ya runtse ido ya kama. Muryarsa ta sauya ta koma irin ta mai tilawa, jikinsa yana ɗan rangaji gaba da baya ba tare da ya sani ba. Ya karanto yadda dalar yau ta fi dalar baɗi daraja, da yadda ake rage wa kuɗin da za su shigo nan gaba ƙima kafin a gwada su da abin da za a kashe yau. Yatsan farfesa yana bin layi, yana bi, har ya juya shafi. Ya tsayar da shi ya jefa shi babi na biyu, ya kama. Ya mai da shi na shida, ya kama. Wata sakatariya da ta leƙo da takardu ta tsaya a bakin ƙofa baki buɗe.

"Ya isa," in ji farfesa. "Zauna. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ka yi haƙuri. Ba zan aika da komai ba."

Wani sanyi ya ratsa Ɗalha har tafin ƙafa. Ya fara jero godiya yana shirin tashi.

"Tsaya, da saura. Karanto min ƙarshen shafi na ɗari da sha biyu."

Wannan ai ruwa ne. Misalin wani kamfani ne da zai sayi inji na dala dubu ɗari, injin ya riƙa kawo dubu talatin duk shekara har shekara biyar, a rage ƙimar da kashi goma cikin ɗari. Ɗalha ya karanto har ƙarshe, ya rufe da amsar littafin: ribar da ta rage a ƙimar yau, dala dubu goma sha takwas da ɗari bakwai da ashirin da huɗu.

"To wannan lambar kuskure ce," in ji farfesa. "Masu ɗab'i ne suka yi shi. Na faɗa a aji tun makon farko."

Makon farko Ɗalha yana Legas yana bin layin biza. Sai da aka yi mako uku da fara karatu ya iso.

"Da gangan na sa tambayar. Mutum ashirin da shida suka lissafa suka sami amsar gaskiya. Kai kaɗai ka kawo min ta littafi. Shi ya sa na ce kwafa ka yi. Yanzu na yarda ba ka kwafa ba, amma ban ga inda ka yi lissafi ba. In gobe an ba ka masaƙar nan taku aka ce a sayi inji ko kada a saya, wane shafi za ka karanto musu?"

Maganar ta soki Ɗalha fiye da zargin satar. Ya jawo littafinsa, ya buɗe shafin don ya gani da idonsa. Sai wata 'yar takarda ta zame ta faɗo kan tebur. Ya kai hannu, farfesa ya riga shi.

Lissafi ne da fensir, an yi shi sau biyar, layi bayan layi. A ƙarshen kowanne an rubuta 13,724, kuma kowanne an soke shi da ƙarfi har fensirin ya huda takarda.

"Wannan rubutunka ne?"

"Nawa ne, yallaɓai. Shirme ne, na kasa gano inda nake kuskurewa."

Ya tuna ranakun sarai. Asabar da Lahadi cur ya kashe a kan misalin nan. Ya zargi kalkuletarsa har ya sayo mata sabon batir. Ya daka wa Rumasa'u tsawa don ta ce ya taso ya ci tuwo kafin ya huce. Daga ƙarshe ya yanke wa kansa hukuncin cewa kansa ne ba ya ja, ya rufe lissafin ya haddace na littafi.

Farfesa ya juyo da takardar ya tura masa ita gabansa. "Dubu goma sha uku da ɗari bakwai da ashirin da huɗu. Ita ce amsar. Sau biyar ka same ta, sau biyar ka soke. Me ya sa?"

Nan ne Ɗalha ya ɗago ya dube shi cikin ido, ba don shawarar Garzali ba, don mamaki. Yaya zai yi wa Baturen nan bayani cewa shi a duniyarsa in mutum ya saɓa da littafi, to mutum ne ya ɓata?

"Tambaya ta uku ba ka da maki," in ji farfesa. "Ranar Litinin ƙarfe tara ka zo, zan ba ka wasu tambayoyi da ba su cikin kowane littafi. Abin da ka samu shi ne naka."

Ɗalha ya sauko daga benen bai san yadda ya sauko ba. Ba a kore shi ba, ya kamata ya yi murna, amma haushi ne fal cikinsa, kuma ya rasa wanda zai ɗora wa. Ya sami benci a gindin wata bishiya da ganyenta suka yi ja suna zuba, ya zauna ya sassauta lakatayen da ya sha wahalar ɗaurawa. Ɗalibai suna ta wucewa a kan kekuna. Babi shida a ka, ga Litinin saura kwana huɗu, kuma ko layi ɗaya a ciki ba zai cece shi ba.

Ya buɗe shafi na ɗari da sha biyu ya daɗe yana kallon lambar. Tana nan zaune daram cikin baƙin ɗab'i mai kyau, ko kunya babu. Ya laluba aljihu ya ciro fensir, ya dube shi, ya mayar. Ya ciro biro.

Sai da ya waiga dama da hagu, kamar mahaifinsa zai ɓullo daga bayan bishiyar. Sannan ya yi bisimilla, ya ja layi a kan lambar littafin, ya rubuta tasa a gefe.