Saƙon Hajiya

Malam Tahir yana zaune a ƙasar waje, yana da aiki a gidan rediyo, yana da gidan haya kusa da titin Benning, yana da mata da 'yarsu Surayya mai shekara takwas. Abin da ba shi da shi takardar zama ce. Lauya ya ce idan ya fita daga ƙasar kafin ta fito, ba lallai a bar shi ya dawo ba. Mahaifiyarsa Hajiya kuwa tana kwance a Kano.

Ran Asabar shi da Surayya suka fito da ledar maganin Hajiya. Abokinsa Ɗanliti zai tafi gida ya kai mata, yana jiransu a babbar tashar Union Station kafin ya hau jirgin ƙasa zuwa filin jirgin sama.

A tashar unguwarsu, bas da wani jan jirgin cikin gari mai bin layin dogo a tsakiyar titi suka iso tare. Surayya ta ja hannunsa, ta roƙe shi da Turanci su hau jirgin. Ya duba agogo, ya yi murmushi, suka shiga.

Ba su yi nisa ba jirgin ya tsaya. Wani ya ajiye motarsa, ƙafar baya ta hau layin dogo, ya yi tafiyarsa. Direban jirgin ya yi ta kaɗa ƙararrawa. Bas ɗin da suka bari ta zo, ta kauce wa motar, ta wuce abinta. Malam Tahir ya je ya roƙi direba ya buɗe ƙofa. Mutumin ya ba shi haƙuri, ya ce ba a sauke kowa sai a tasha.

Waya ta yi ƙara. Surayya tana jin muryar Ɗanliti yana cewa jirginsa ya iso.

"Hau kawai, Ɗanliti," in ji Malam Tahir. "Ka ce wa Hajiya ina nan tafe."

Ya zauna, ya ɗora ledar a cinya. Surayya ta ce laifinta ne. Ya shafa kanta, ya ce ita ta ajiye motar?

"To Baba, yaushe za ka je?" Da Hausa ta yi tambayar, a hankali.

Ya juya yana kallon wata bas da ke kewaye su.

A nan Surayya ta gane cewa maganin ba zai tafi yau ba, kuma Baba bai san ranar da zai ga Hajiya ba.