Da Ƙafa Zuwa Kabo

"Wallahi Gwaggo, ba zan ɗauki mace ba," in ji ɗan acaɓan. "'Yan Hisba na kan hanya, babur ɗin kuma ba nawa ba ne."

"To motar fa?"

"Da wane man? Tun jiya take kwance."

Gwaggo Hajjo ta ja tsaki, ta dubi Badi'a, matar ɗan wanta Haladu. "Sai ƙafa ke nan. Malam ba zai jira mu ba."

Malamin na Kabo mai ruƙiyya ne, kuma duk wadda ya ce tana da iska a gidansa ake barinta, a raba ta da goyonta. Badi'a ta ƙara tamke majanyi. Jaririyarta Yasmin na barci a bayanta.

Tun da ta haihu Haladu ya hana ta komai, don tsabar so. Ya ɗauke taɓarya, ya kai hatsi inji, ya sa ɗan garuwa. "Ke dai ki huta." Ta huta har ɗaki ya fara matse ta. Zuciya ta riƙa dukan ƙirjinta ba dalili, ga kuka a kan abin da bai kai ba. Shekaranjiya tana riƙe da jaririyar sunan yarinyar ya ɓace mata ɓat.

Suka bar garinsu Gammo, kowane kututture sai Badi'a ta ga kamar mutum ne a tsugune. Can cikin gonakin dawa gumi ya keto mata, numfashinta ya soma bin takunta. Ba ta san lokacin da ta fara biya wata sura da ta kuɓuce mata a sallah ba, har ta kai ƙarshe ba gargada.

"Ke, tsere muke?" Gwaggo ta ce tana haki. "Wai ke ce marar lafiyar ko ni?"

Dariya ta suɓuce wa Badi'a. Rabonta da ita tun ranar suna.

A ƙofar gidan Malam wata mace ta kurma ihu daga ciki, aka ji ƙarar sarƙa. Zuciyar Badi'a ta zabura. Ta tsaya tana jiran duhun da kan rufe ta in tsoro ya taso mata. Bai zo ba.

"Cire takalmi mu shiga," in ji Gwaggo.

Badi'a ta ja baya, ta tallafe Yasmin.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan shiga ba. Da ƙafata zan koma gida, gobe ma zan fito in taka. Ki gaya wa Haladu, in ɗaure ni za a yi, shi ya zo ya ɗaure ni da hannunsa."